Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Fiɗa: Da Dare Afendis Ke Zuwa, Na'urar Kuwa Tana Kulle

Zuwa ga shugabannin sassan fiɗa na asibitocin koyarwa na Arewacin Najeriya, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, da Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibinku ne. A hannun wasunku na koyi riƙe aska, a gabanku na zauna jarrabawa, kuma da sa hannunku a takardar da nake cin abinci da ita yau a wani babban asibitin jiha. Don haka ba raini ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Na zaɓi in rubuta da Hausa kuma a bainar jama'a, saboda maganar ta shafi iyayen da ke dangwala hannu a takardar amincewa da ƙarfe biyun dare, kuma suna da haƙƙin su ji abin da muke tattaunawa a kan 'ya'yansu.

Roƙona ɗaya ne. Ku mayar da cire afendis (ɗan reshen nan na hanji da ke kumbura a ƙasan ciki ta dama) ta hanyar huji, wato lafaroskofi, wanda mutanen gari ke kira aikin kyamara, ya zama aikin da kowane likita mai neman ƙwarewa zai yi da hannunsa, malami na tsaye a kansa, kafin ku ba shi takarda ku sallame shi.

Duk wanda ya bi ta hannunku ya san afendis shi ne babbaƙun likitan fiɗa. Da shi ake fara karatu. Har gobe ina tuna daren da babban rajistara, wato likitan da ke matakin ƙarshe na neman ƙwarewa, ya dube ni ya ce, "Kai za ka yi, ina nan." Ya koma ɗaya ɓangaren gadon ya riƙe mini ƙugiya, na yi ɗan yankan nan na ƙasan ciki ta dama da Charles McBurney ya bayyana a 1894, hannuna na rawa, shi kuwa bai karɓe askar ba. A kan afendis muka koyi shiga ciki daki-daki, da ɗaure jijiya, da girmama hanji, da sanin lokacin da ya kamata a kira na gaba. Ciwo ne da ba ya yankewa, ya fi kama matasa daga shekara 10 zuwa 30, kuma an ƙiyasta cewa cikin mutum 100 wajen 7 ko 8 za su gamu da shi a rayuwarsu. Shi ya sa ya zama allon koyo.

Amma da aka zo kan aikin kyamara sai tsarin ya juye. Shekarun da na yi ina horo, abin da na samu shi ne riƙe kyamara. Babban likita na cire matsarmama da rana, ni ina tsaye a gefensa ana ce mini matso, ja baya, goge gilashi. Na ƙare horo kamar yaron maƙera da ya shekara yana zuga, ya san launin ƙarfe idan ya yi ja, ya san ƙarar masaba, amma ba a taɓa miƙa masa ita ba. Kuma da na tambayi abokan karatuna da suka yi nasu horon a wasu garuruwa, labarin da yawansu bai bambanta da nawa ba.

Ku ba ni dama in gaya muku abin da ya tayar mini da wannan magana. Wani dare aka kawo mini budurwa daga ƙauye, saura 'yan watanni bikinta. Ciwo a ƙasan ciki ta dama, amai, ɗan zazzaɓi, hoton ciki bai nuna wani abin kamawa ba. Na yi abin da aka koya mini, na buɗe ta wurin afendis. Na same shi lafiya lau, sai wani ruwa mai jini-jini da ke tasowa daga ƙasa. Ta wannan ƙaramar kafa ba na iya ganin mahaifa da abin da ke gefenta yadda ya kamata. Dole na ƙara yanka. Ashe ƙullutu ne a ma'ajiyar ƙwanta ta dama ya murɗe. An yi aikin, ta rayu, alhamdu lillahi. Sai dai ɗinkin ya yi ruwa, ta yi makonni ana wanki, mahaifinta ya sayar da awaki biyu, ita kuma abin da ta riƙa tambayar ma'aikaciyar jinya a asirce shi ne ko tabon zai ɓace kafin a kai ta ɗaki. Da kyamara na shiga ta cibiya, cikin 'yan mintoci zan ga afendis, in ga mahaifa, in ga ƙullutun, in yi maganinsa ta huji uku da ba su kai faɗin ɗan yatsa ba. A wurin mace mai shekarun haihuwa, ciki a wajen mahaifa da ciwon sanyi da ya hau sama da irin wannan ƙullutu duk suna shigar burtu su zo da kamannin afendis. Ku kuka koya mana haka. Kyamara ce ke raba gardama.

Amfanin ba a wurin mata kaɗai ya tsaya ba. Bitar da ƙungiyar nazarin binciken lafiya ta Cochrane ta fitar a 2018, da ta tattara gwaje-gwaje da dama, ta nuna cewa a manya aikin huji ya rage ruɓewar ɗinki da kusan rabi, ya rage zafi, ya rage kwanan asibiti da kimanin kwana 1, mutum kuma ya koma harkokinsa wajen kwana 5 kafin wanda aka yanka. A ƙasar da ake biyan ma'aikaci hutun rashin lafiya, kwana 5 ba wani abu ba ne. A wurin mai turin ruwa, ko ɗan dako a kasuwa, ko manomi a tsakiyar damina, kwana 5 abincin gida ne. Bitar ta kuma faɗi abin da bai kamata mu ɓoye ba: taruwar mugunya a cikin ciki bayan aiki ta fi yawa a masu aikin huji daga cikin manya. Wannan ma dalili ne na a koyar da aikin da kyau, a koya wa yaro yadda ake tsotse ruwa da duba lungunan ciki, maimakon a bar shi ya tsinci ilimin a hanya.

Akwai wani abu da na daɗe ina mamakin yadda ba mu cika faɗarsa ba. A wajen koyarwa, aikin kyamara ya fi na yanka sauƙin sa ido. Idan ƙaramin likita na aiki ta ɗan yanka mai tsawon yatsa, kai ɗaya ne ke iya leƙawa, malami sai dai ya yi ta tambaya, me ka gani, me ka kama. A aikin huji kuwa allo ɗaya kowa ke kallo. Abin da ɗalibi ya gani shi malami ke gani, a daidai lokacin, kuma an ƙara masa girma. Kafin hantsaki ya kama abin da bai kamata ba, malami ya ce tsaya. Matakan ma a jere suke, ana iya raba su: a shiga ta cibiya da bututu mai faɗin milimita 10, a hura iskar kabon-dayoksaid har matsinta a cikin ciki ya kai ma'aunin 12, a ƙara huji biyu masu milimita 5 ana kallo, a karkata gadon kai ƙasa da kuma hagu don hanji ya kauce, a bi mafarin babban hanji har a iske gindin afendis, a ƙone jijiyar da ke ba shi jini, a zarga masa zare a ɗaure, a yanke, a sa a jaka a fitar. Yau ɗalibi ya yi shiga kawai, gobe ya ƙara da ɗauri, jibi ya yi duka. Ana kuma iya naɗar aikin, a zauna da safe a sake kallo tare. Wane aikin yanka ne ke ba malami irin wannan dama?

Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce a jira a ga yadda zai kaya. Kurt Semm, likitan mata a birnin Kiel na Jamus, shi ya fara cire afendis ta huji a watan Satumba na 1980, ya wallafa bayaninsa a 1983. Manyan likitocin fiɗa na ƙasarsa sun yi masa ca, har aka nemi a dakatar da shi daga aiki. Yau an haura shekara 40, kuma a Turai da Amurka wannan hanya ce aka fi bi.

To me ya hana mu? A ganina ba rashin na'ura ba ne kawai, domin manyan asibitocinmu da dama sun mallake ta. Matsalar lokaci ce da mabuɗi. Afendis ba ya jiran ranar da aka tsara aiki. Da la'asar ciki ke fara murɗawa a wajen cibiya, a sha jiƙo, a je kemis a karɓo maganin olsa, sai dare ya raba ciwon ya sauka ƙasan dama ya hana mutum miƙewa, sannan a fita neman a-daidaita-sahu. A wannan sa'a wa ke asibiti? Ƙananan likitoci. Ina na'urar? A inda na yi horo tana babban ɗakin tiyata, an lulluɓe ta, an kulle tun ƙarfe huɗu, mabuɗin yana hannun mutum ɗaya da ya tafi gida, ma'aikatan jinya biyu da suka san wanke kayanta da haɗa su kuma duk masu aikin safe ne. Marar lafiyar da ya fi dacewa da koyo yana zuwa lokacin da na'ura ke barci, na'urar kuma tana farkawa lokacin da aka riga aka yanka shi. Muddin haka ta ci gaba, ko na'ura goma gwamnati ta sayo, yaranmu riƙon kyamara za su ci gaba da yi.

Na san abin da za ku ce, ranku ya daɗe, domin na ji shi daga bakin waɗanda nake girmamawa.

Za ku ce mutanenmu ba sa zuwa da wuri, sai afendis ya fashe, ciki ya kumbura, wani lokaci ma a buɗe a tarar taifot ne ya huda hanji. Gaskiya ne, kuma wanda ya zo a galabaice, hanji ya cika da iska, jini ya yi ƙasa, ni ma yanka shi zan yi ba tare da ɓata lokaci ba. Ba na roƙon a daina koyar da aikin yanka. Likitan da za a tura ƙaramar hukuma inda babu wuta dole ya iya buɗe ciki da fitilar waya idan ta kama, kuma wanda bai iya yanka ba bai cancanci ya taɓa kyamara ba, tunda duk aikin huji yana iya komawa na yanka cikin minti ɗaya. Amma ba kowa ke zuwa a makare ba. Ɗaliban jami'a, da ma'aikata, da yaran cikin gari suna zuwa a kwana na farko ko na biyu. Su ne na koyo, kuma suna da yawa.

Za ku ce tsada. Idan aka bi yadda kamfanoni ke so, a yi amfani da komai sau ɗaya a yar, lallai talaka ba zai iya ba. Amma akwai bututun ƙarfe da hantsaki da almakashi da ake wankewa a dafa a sake amfani da su shekara da shekaru. Zaren ɗaurin da ake sayarwa a shirye, ana iya ƙulla irinsa da zaren ɗinki na yau da kullum, ƙullin Roeder, wanda shi kansa Semm da shi ya yi aiki. Safar hannu mai tsabta tana zama jakar fitar da afendis. Likitocin Indiya da na gani da idona haka suke yi a asibitocin da ba su fi namu kuɗi ba. Batun wuta kuwa, na san halin da asibitoci suka shiga tun ƙarin kuɗin lantarki na Afrilun 2024. Sai dai allo da kyamara da fitila da injin hura iska ba su fi ƙarfin inbata da batura masu kyau ba, kuma ɗakin tiyatar gaggawa dama bai kamata a ce ya dogara da wutar gari ba.

Za ku ce haɗari, kuma a nan ne na fi yarda da ku. Bututun farko yana iya huda hanji ko babbar jijiya. Hannu yana tafiya hagu, bakin hantsaki ya tafi dama. Hoton allo shimfiɗaɗɗe ne, ba ya nuna zurfi, yatsa kuma ba ya jin taushi ko taurin abin da aka kama. Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a farkon shekarun 1990, lokacin da likitoci suka riƙa zuwa kwas na kwana biyu su dawo su hau cire matsarmama, raunin bututun ɗaci ya ƙaru, har jihar New York ta fitar da ƙa'ida a 1992 cewa sai likita ya yi aƙalla 15 ƙarƙashin kulawa kafin ya yi shi kaɗai. Abin da nake tsoro shi ne muna kan wannan hanyar. Ni shaida ne. Da gwamnatin jiharmu ta sayo mana na'ura, fili na sayar na tafi Indiya kwas na mako biyu. Na dawo da takarda, na yi na farko ba kowa a kaina, mai riƙe mini kyamara ma ranar ya fara. Aikin da bai wuce sa'a ɗaya ba ya ci mini kusan uku, rigata ta jiƙe sharkaf. Allah ya kiyaye, yaron ya tashi lafiya. Amma ɗan mutane ne, kuma bai kamata a ce a kansa na koyi abin da ya dace in koya a gabanku ba. Idan ba ku koyar ba, ba fasa yi za a yi ba. Za a yi ne a asibitocin kuɗi da na jiha, ba malami, ba mai cewa tsaya.

Maganin haɗarin kuwa mai araha ne. Yaron tela ba a kan shaddar mutane yake fara taka keke ba, a kan takardar buhun siminti yake koyon miƙe layi. Mu ma muna da irin takardarmu: akwatin gwaji. Kwali ko roba, a huda, a sa kyamarar waya da tsofaffin hantsaki. A Amurka an tsara gwaji mai darasi biyar da ake kira FLS, da ya haɗa da ɗaukar ƙananan abubuwa daga hannu zuwa hannu, da yanke da'ira a kan ƙyalle, da zarga zare, da ɗinki iri biyu, kuma tun 2009 hukumar da ke ba likitocin fiɗa shaidar ƙwarewa a can ta wajabta cin sa. Ba sai mun sayi nasu ba. Kafinta da mai gyaran waya za su haɗa mana akwatin a yini ɗaya. Abin da ake bukata shi ne a ajiye shi a ɗakin da masu kwanan aiki ke hutawa, ba a ofishin da ake kullewa ba, a kuma sa ranar da malami zai zo da agogo ya gwada kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kwalejojinmu biyu, ku ne masu linzami. Kowa ya san abin da ake dubawa a littafin ayyukan ɗalibi ranar tantancewa shi ne abin da sashe ke dagewa a kai. Ina roƙo ku sa gwajin akwati ya zama sharaɗi kafin jarrabawar matakin farko, ku kuma ƙayyade adadin afendis na huji da ɗalibi zai yi a matsayin mai aiki, ba mai riƙe kyamara ba, kafin ta ƙarshe. Idan tawagarku ta je duba asibiti, kada ta tsaya a ganin na'ura an goge ta tana ƙyalli. Ta buɗe rajistar ɗakin tiyata ta ga sau nawa aka kunna ta bayan isha'i, kuma sunan wa aka rubuta a gurbin mai aiki. Asusun da ke tallafa wa horon likitoci ƙarƙashin dokar 2017 yana iya ɗaukar kuɗin irin wannan kwas. A horar da ma'aikatan jinya na dare da masu sa barci tare da likitocin, domin hura iska a ciki yana taɓa numfashi da bugun zuciya, kuma kayan da ba a iya wankewa ba sun fi rashinsu illa. Malaman da su kansu ba su samu wannan horo ba a zamaninsu, ba abin kunya ba ne a tura su su fara. Cibiyar IRCAD da aka buɗe a Kigali ta Ruwanda a 2023 don wannan aiki aka gina ta, kuma a cikin gida ma akwai gwanaye a Kano da Zariya da Ile-Ife da Legas da za su iya zagayawa.

Saura magana ɗaya da ake faɗa a bayan fage: wai idan aka koya musu, guduwa za su yi. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, kuma ciwon yana taɓa kowa. Amma waɗanda na sani da suka tafi Saudiyya ko Ingila ba don an koya musu da yawa suka tafi ba. Wani abokina da ya tafi, abin da ya gaya mini a filin jirgi shi ne ya gaji da jin cewa hannunsa na tsufa a kan aikin da duniya ta wuce. Hana ilimi bai taɓa tsare kowa a gida ba, illa dai ya bar wanda ya zauna da ƙaramin hannu, ya bar marasa lafiyarsa da dogon tabo.

Akwai wata ƙaramar likita da ke aiki tare da ni. Ta ci jarrabawar share fage, tana shirin zuwa wurinku neman ƙwarewa a fiɗa. Kwalin indomi ta huda ta sa tsohuwar wayarta, kullum bayan zagayen marasa lafiya sai ta zauna ta yi ta ƙulla zare, yanzu ƙullinta ya fi nawa tsabta. Na yi mata abin da zan iya, amma ni likita ɗaya ne a asibitin da ke da layi har bakin ƙofa, kuma ban da hurumin ba ta takarda. Zan miƙo muku ita amana. Daren da aka kawo mata afendis na farko da ya dace da huji, ina roƙon a samu mabuɗin a hannun sistar da ke kwana, a samu silindar iska a cike, a kuma samu ɗayanku ko babban rajistaransa ya tsaya a gefenta ya ce mata, "Ke za ki yi, ina nan."

Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
Likitan fiɗa a wani babban asibitin jiha, Arewa maso Yamma.